HEDIFON: NA WURIN BIKI DABAN, NA KAN TITI DABAN

Duk ranar Asabar da Lahadi ba a rasa biki a unguwannin 'yan Arewa da ke Ikko. In ba a ɗaura aure a Agege ba, to, an yi suna a Idi Araba, ko kuwa ana walima a Mile 12. Haka abin yake a unguwar Sabo ta Badun da ta Shagamu. A da can mai biki yakan aika gida a zo masa da makaɗa, ko ya nemi masu kalangun da ke zaune a nan Kurmi. Yanzu kuwa yawanci wani saurayi za a gani a gefen rumfa, gabansa tebur, bisa tebur kwamfuta da mikisa, bayansa janareta na ruri, ya karkatar da kai ya danne kunne guda da kafaɗa sai ka ce mai ciwon haƙori. Shi ne ake kira DJ, watau mai saka wa jama'a kiɗa. Abin nan da ya kifa a kunne kuwa shi ne hedifon, kuma a kansa ne samari da yawa ke yin asarar kuɗinsu, wasu ma har da jinsu.

Dalili kuwa shi ne, mutum yakan shiga kasuwa da kuɗin hedifon guda ɗaya tak, yana so ya yi sana'a da shi ranar biki, sauran ranakun mako kuma ya ji karatu ko labarun rediyo ko waƙa a cikin mota. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabo, ba wanda zai ga laifin mai wannan tunani. Amma fa ayyukan nan biyu ba sa shan inuwa ɗaya. Abin da ya sa hedifon ya zama nagari a wurin biki, shi ne kuma ke mai da shi abin tsoro a bakin titin Oshodi.

Asalinsa ma kayan aiki ne, ba na shaƙatawa ba. Wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera irinsa a ɗakin girkin gidansa a 1910, sojojin ruwan Amurka suka saya domin masu sauraron saƙon rediyo. Sai a 1958 kamfanin Koss ya fito da wanda aka yi musamman don jin kiɗa a gida.

ABIN DA DJ KE SAURARE

Mutane da dama na zaton ado ne kawai DJ ke yi da hedifon. Ba haka ba ne. A kowane lokaci waƙa biyu ke hannunsa. Ɗaya tana fita ta sifika jama'a na rawa, ɗaya kuma tana jiran layi, ba mai jin ta sai shi kaɗai. A jikin mikisa akwai maɓallin da aka rubuta wa Cue. In ya danna shi, waƙar da ke jira sai ta shiga hedifon, ba ta fita waje ba. To, da kunne guda yana jin ta, da ɗaya kunnen yana jin wadda ke fili, yana ja yana sassautawa har bugun gangar wannan ya hau kan na waccan daidai. Sa'an nan ya shigo da sabuwar a hankali ya janye tsohuwar, masu rawa ba su ma san an canza ba. Wani DJ na birnin New York mai suna Francis Grasso shi ake jingina wa wannan dabara, wajen ƙarshen shekarun 1960.

In kuwa bugun bai hau ba, kowa ya san abin da ke faruwa. Kiɗa ya riƙa karo da juna kamar mata biyu na daka a turmi guda ba su daidaita taɓarya ba. Ƙawayen amarya su tsaya cak a tsakiyar fili, su juyo suna harararsa. Uwar biki ba za ta ce kome ba a lokacin, amma ranar bikin ƙanwar amarya wani za a kira.

Wani zai ce ai kwamfutar yanzu tana da maɓallin Sync, mai daidaita waƙa biyu da kansa, me za a yi da kunne? Gaskiya ne, in waƙoƙin Hamisu Breaker ne ko na Ado Gwanja da ire-irensu, waɗanda na'ura ce ta buga musu kiɗa a situdiyo, bugunsu ba ya gaba ba ya baya, kwamfuta na iya musu. Amma bikin 'yan Arewa a Kurmi ba ya ƙarewa a nan. Can an jima wani Alhaji daga cikin dattawan Zango zai aiko a sa masa Shata. Gwaggon amarya za ta ce sai Barmani Choge. Maƙwabta Yarabawa da aka gayyata su ma suna jiran a taɓa musu Fuji na Ayinde Barrister. Duk waɗannan kuwa hannun mutum ne ya kaɗa su. Makaɗi yakan yi zafi in waƙa ta yi daɗi, ya lafa in mawaƙi ya tsaya yin kirari. Kwamfuta kan rikice a nan, ta ƙirga bugun ba daidai ba. Ba mai fid da DJ sai kunnensa, kunnen kuwa ba ya aiki sai da hedifon da zai ji ƙarar kalangu sarai a tsakiyar hayaniya.

Saboda haka abu na farko da mai saye zai duba shi ne bayan kokon da ke rufe kunne. Akwai mai rufaffen baya, akwai mai raga. Mai raga, wanda kamfanin Sennheiser na Jamus ya fara fitarwa a 1968 da sunan HD 414, yana da daɗin ji ƙwarai in mutum na zaune a ɗaki shiru, domin sauti na yawo kamar makaɗan na gabansa. Amma iska na shiga tana fita, ƙarar waje ma haka. A wurin biki, kusa da sifika da janareta, ba shi da amfani ko na anini. DJ sai rufaffe. Kuma gwada wannan ba wuya. Kasuwar Alaba kanta ta isa wurin gwaji, tun da kowane shago da tasa sifikar ke tashi. Mutum ya kifa hedifon a kunne ba tare da ya kunna kome ba, ya saurara. In hayaniyar kasuwa ta ja baya sosai, to, an kama hanya. In kuwa har yanzu yana jin cinikin da ake yi a shago na uku, ya ajiye musu kayansu.

Sai kuma kokon ya zama mai juyawa, yadda za a iya ture ɗaya bayan kunne ko a riƙe ɗaya da kafaɗa. Wanda ba ya juyawa, murɗa shi za a yi ta yi da ƙarfi, ba a daɗe sai a ji ƙas, ya karye a mahaɗa.

MAI IGIYA KO MARAR IGIYA

A nan ne samari suka fi yin kuskure, domin marar igiya shi ake yayi, shi ne kuma masu shago suka fi turawa. Hedifon na Bluetooth ba ya kawo sauti nan take. Sai wayar ko kwamfutar ta dunƙule sautin ta aika, shi kuma ya karɓa ya warware, kafin ya kai kunne. Wannan jinkiri yakan kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wani ya fi haka, wani bai kai ba. Mai jin wa'azi ko waƙa a kan gado ba zai taɓa lura ba. To, amma a yi lissafi. Waƙar rawa mai bugu 120 a minti guda, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne. Jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ke nan ya kusa cinye rabin wannan tazara. DJ zai daidaita waƙa a kunnensa ya ji ta zauna daram, ya sake ta a fili ta fito a karkace, ya rasa inda laifin yake. Ga kuma batir da kan mutu ana tsakiyar rawar amarya. Na sana'a dai mai igiya ne.

Igiyar ma akwai abin dubawa. Wadda aka nannaɗe kamar ta tarhon da, ita ta fi, domin tana miƙewa in mutum ya matsa, ba ta jan ƙasa balle a taka. Kan da ke shiga wayar hannu ƙarami ne, milimita 3.5, na yawancin mikisa kuwa babba ne, milimita 6.35. Don haka lalle a tabbata an haɗo da ɗan bakin nan da ake ɗaurawa a kai, kuma gara mai murɗawa kamar noti da wanda ake cusawa kawai, don shi ba ya zarewa. Mai hankali yakan ajiye na biyu a aljihu. Abu ne ɗan ƙarami mai araha, amma ɓatansa ya sha tsai da biki.

A jikin kwali kuma akan rubuta wata lamba da ake kira om, wadda ke nuna yawan ƙarfin da hedifon ke nema kafin ya yi ƙara. Daga 32 zuwa 80 kowace waya da kowace mikisa na iya tuƙa shi. Masu 250 ko fiye na situdiyo ne, suna son na'urar ƙara ƙarfi ta daban. Wanda ya sayi irinsu ya sa a waya zai ji sauti can ƙasa-ƙasa, ya ɗauka an cuce shi, alhali kuwa jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi.

Cikin waɗanda masu sana'ar suka daɗe da yarda da su akwai Sennheiser HD 25, wanda ya fito tun 1988 kuma har yau ana yin sa. Om 70 ne, nauyinsa wajen giram 140, kokonsa guda na turewa gefe. An yi shi ne da fari don ma'aikatan rediyo da talabijin masu aiki a fili, har an taɓa raba wani nau'insa ga fasinjojin jirgin nan Concorde mai tsananin ƙara. Ba shi da kyan gani, roba ce baƙa kamar ba ta kai kuɗinta ba. Amma igiyarsa da sosonsa da kokonsa da abin da ke kama kai duk ana sayar da su ɗai-ɗai, a kwance a mayar. Akwai Sony MDR-7506 na 1991, mai om 63, wanda ke fid da murya tas, sai dai igiyarsa ba ta cirewa, in ta tsinke sai an kai wa mai gyara ya yi mata dalma. Akwai kuma Audio-Technica ATH-M50x mai om 38, da igiya mai cirewa. Shi ne ya fi kusa da raba ƙafa tsakanin aiki da jin daɗi a ɗaki, ko da yake ya fi HD 25 nauyi nesa ba kusa ba, kuma yana sa kunne gumi. Kamfanin Pioneer DJ ma, mai yin mikisa, yana da jerin nasa da ake kira HDJ.

Maganar gumi ba ƙarama ba ce a Ikko. A Kano ko Sakkwato ƙura ce abokiyar gabar kayan sauti. A nan kuwa laima ce da zufa. Fatar roba da aka lulluɓe soso da ita takan fara ɓarewa tana manne wa mutum a kumatu tun sauran jikin hedifon na garau. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shago ita ce: in soso ya lalace ko igiya ta tsinke, ana samun wani? In amsar ita ce sai dai a sayi sabo, to, wannan ba kayan sana'a ba ne.

CINIKI A ALABA DA IKEJA

Kasuwar Alaba da ke Ojo da Computer Village ta Ikeja, kamar kowace babbar kasuwa, akwai na gaske a cikinsu akwai jabu, kuma kwalin jabu wani lokaci ya fi na gaske sheƙi. Ɗan Arewa kuma yana da ƙarin wani haraji. Da an ji harshensa an kira shi Aboki, sai kuɗi ya tashi, ko a miƙo masa mafi girma da fitilu masu walƙiya a ce shi ne na manya. Maganin wannan shi ne kada a saya a shagon farko. A taya a uku ko huɗu tukuna. Wanda kuɗinsa ya faɗi ƙasa da rabin na sauran, alhali suna ɗaya ne a jiki, ya riga ya faɗi ko shi wane ne.

Kada kuma a yarda mai shago ya gwada da waƙarsa. Yakan zaɓi mai dundum ɗin da ke girgiza kai, mai saye ya ji kamar ya sami duniya. Hedifon mai arha da wannan dundum yake rufe aibinsa. Mutum ya zo da wayarsa da waƙar da ya sani kamar tafin hannunsa, mafi kyau ma ta Shata, inda akwai kalangu da 'yan amshi da murya a tare. In ya ji kowane kalangu daban, ya kuma ji kalmomin 'yan amshi ba su cakuɗe ba, to, abin kirki ne. In kuwa ƙasa ta yi nauyi, murya ta koma kamar daga cikin rijiya, a wurin biki ba zai gane inda bugu yake ba. Ya saurari dama da hagu ɗai-ɗai. Ya murza igiya a gindin kanta yana ji ko sauti zai yanke. Sa'an nan ya karɓi rasit mai sunan shago. Na hannu da ake kira tokumbo ba laifi ba ne, in dai na gaske ne. Sau da yawa tsohon na gaske da aka sake wa soso ya fi sabon jabu ƙarko.

NA YAU DA KULLUM

Kamfanin Sony ne ya fito da hedifon kan titi, da ya kawo ƙaramar rikodar nan Walkman a 1979. Daga 2016 kuma, da Apple ya cire ramin igiya daga iPhone 7, sai marasa igiya suka cika duniya. Ga mai son na yau da kullum, duk abin da aka ce a sama game da Bluetooth bai shafe shi ba. Ɗan iyafis marar nauyi mai makirfo, wanda zai kira gida da shi ya ji muryar yara, ya ishe shi. Sai dai ya tuna da halin wuta, ya tambayi awa nawa cajinsa ke yi. Mai yawan tafiyar dare daga Ikko zuwa Kano a babbar mota, shi ne zai more irin wanda ke kashe ƙarar waje. Wannan na'ura ta fi iya wa ƙara mai ɗorewa kamar gurnanin inji, ba ta cika iya wa maganar mutane ba. Amfaninta shi ne mutum ba ya bukatar ƙure sauti kafin ya ji.

Amma yawancin 'yan ci-rani ba a zaune suke aiki ba. Akwai mai acaba, wanda ko bayan hanin da gwamnatin Ikko ta yi a wasu ƙananan hukumomi a 2022 yana nan yana nema a bayan gari. Akwai mai Keke, da mai tura baro a Mile 12, da mai tallan kaya a cikin cunkoson motoci, da maigadi. Duk waɗannan da kunne suke tsare ransu. Direban danfo hon yake dannawa, ba birki ba, yana ɗauka an ji shi. Maigadin da ya toshe kunne biyu da dare kuwa ya karɓi albashin aikin da bai yi ba. Irin hedifon ɗin nan na DJ, da aka yi shi musamman don ya raba mutum da duniya, ba shi da wuri a wuyan ɗayansu a lokacin aiki. In ya zama tilas a ji wani abu, a sa kunne guda, a rage ƙara.

Mazauna Agege su ne ya fi kamata su ji wannan, domin hanyar jirgi ta ratsa tsakiyar garinsu, mutane na tsallake ta safe da yamma. Ga jirgin Badun da ya fara aiki a 2021, ga kuma jirgin cikin gari na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo. A 2018 jaridun Ikko sun ba da labarin wata 'yar bautar ƙasa da jirgi ya buge a Ikeja, tana tafe a kan hanyarsa da iyafis a kunne, ana yi mata ihu ba ta ji ba. Ta rasu. Jirgi ba ya kaucewa, kuma ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

Saura maganar kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya ke cikin haɗarin rasa jinsu saboda yadda suke sauraron sauti. Ma'aunin ƙara shi ake kira desibel. Hukumar ta ce babban mutum na iya jin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cuta ba. Amma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Kafin a kai 100, abin da ya rage wajen minti 20 ne a mako gaba ɗaya. Desibel 100 ɗin nan kuwa shi ne iyakar da hukumar ta yanka wa wuraren kiɗa a 2022. DJ yakan yi awa huɗu ko biyar a irin wannan wuri, kuma don ya ji waƙar da ke jira sai ya ɗaga hedifon ya fi ƙarar fili. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti. Wanda ƙara ta kashe a cikinsu ba ya sake tsirowa.

Nan ne rufaffen hedifon nagari ke biyan kuɗinsa, domin gwargwadon yadda ya tare hayaniya, gwargwadon yadda mai shi zai rage ƙara. Sauran kuwa dabara ce. Tebur ya koma bayan sifika ko gefenta, ba gabanta ba. Janareta ya yi nisa, ko da za a ƙara sayen waya. A riƙa sauya kunne, kada dama ta yi ta ɗaukar dukan ita kaɗai shekara da shekaru. Kunnen da ke fili a sa masa ɗan toshi na soso, irin wanda ma'aikatan masana'antu ke sawa.

Wanda ya tashi daga biki ya kwanta yana jin wani siririn kuka a kunne kamar na gyare, ko ya wayi gari maganar mutane na zo masa kamar ta bayan ƙyaure, to, kunnen ne ke ba shi sanarwa. In ya kwana biyu bai bari ba, kada a ɗiga man zafi, kada a sa tsinke ko gashin kaza. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana nan Idi Araba, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, haka ma asibitin UCH na Badun. Wanda kuma zai je gida hutun Salla, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, inda ake auna ji kunne ɗai-ɗai a ba mutum sakamakonsa a takarda.